Yadda ake saka lambar biyan kuɗi ta hoton nukiliya na ciwon ƙari da kumburi a tsarin Amurka

Toh wannan na masu harkar kodin ne, wato saka lambar biyan kuɗi, a tsarin asibitocin Amurka, inda duk aikin da likita ya yi sai an juya shi lamba kafin inshora ko Medicare, inshorar lafiya ta gwamnati, su saki sisi. Hoton nukiliya kuwa shi ne wanda ake ɗauka bayan an yi wa majinyaci allurar magani mai fitar da radiyeshin. Lambobin su ne CPT, na ƙungiyar likitocin Amurka, AMA.

Abu na farko, ka rufe littafin lambobin ka buɗe rahoton likitan da ya karanta hoton, wallahi rabin kuskuren daga nan yake farawa, mutum ya ga an rubuta gallium scan a takardar oda kawai ya danna lamba bai ma karanta me aka yi ba. Tambaya uku za ka yi wa rahoton: wane irin hoto aka ɗauka, sashen jiki nawa, kwana nawa. Sunan cutar ba shi ke zaɓa maka lamba ba. A da kumburi yana da nasa lambobin daban, 78805 zuwa 78807, amma tun Janairun 2020 aka goge su aka haɗe ƙari da kumburi a gida ɗaya, in ka ga tsohuwar takardar tuni a manne a bangon ofis da waɗannan lambobin, cire ta ka yar.

Na biyu, in hoton shimfiɗaɗɗe ne, wanda suke cewa plana, lambobi huɗu ne a gabanka. Sashe ɗaya rana ɗaya, kamar ƙirji kaɗai, 78800. Sashe biyu ko fiye, ko kuma sashe ɗaya da aka maimaita kwana biyu, 78801. Duk jiki a rana ɗaya 78802, duk jiki kwana biyu ko fiye 78804. Kuma hoton gudun jini da ake ɗauka bayan allura yana cikin lambar, kar ka caje shi daban.

In kyamara ta zagaya majinyaci ce, wato SPECT, sashe ɗaya rana ɗaya 78803, sashe biyu ko kwana biyu 78831. In an haɗa da CT, hoton eksire mai nuna cikin jiki yanki-yanki, a zama ɗaya sai ka koma 78830 a maimakon 78803, 78832 a maimakon 78831. Anan ake zamewa sosai, domin ba kowane CT ba ne ke kai ka 78830, sai rahoton ya nuna likita ya duba hoton CT ɗin ya yi bayanin inda ciwon yake a jiki. In an kunna shi ne kawai dan gyara hasken hoto, a 78803 kake har yanzu komai tsadar injin. 78835 kuwa ta awon yawan maganin da ya taru a waje ɗaya ce, ƴar rakiya ce, ba ta tafiya ita kaɗai sai bayan 78830 ko 78832. PET, wani nau'in hoton nukiliya daban, ba ruwansa da wannan layin, nasa 78811 zuwa 78816.

Maganar kwanaki sai na ɗan tsaya a kanta. An yi wa mutum allurar indium pentetreotide, maganin hoton wasu nau'in ƙari, ran Litinin da safe, bayan awa 4 aka ɗauki duk jiki, Talata ya dawo a awa 24 aka sake. Sabon hannu sai ya saka 78802 sau biyu yana ganin ai aiki biyu aka yi. A'a, bincike ɗaya ne, 78804 guda ɗaya tal. In akwai SPECT a kai, leƙa jadawalin NCCI, mai nuna lambobin da ba a caja tare, kafin ka jera su tare.

Na uku, maganin da aka zuba a jijiya yana da tasa lambar ta HCPCS, tsarin lambobin magani da kayan aiki. Pentetreotide A9572, fararen ƙwayoyin jinin majinyaci da aka yi wa alama da indium A9570, in da technetium ne A9569, duk waɗannan guda ɗaya ake sakawa a bincike. Gallium kuwa, A9556, a kan kowane milikuri ɗaya, ma'aunin ƙarfin maganin, ake lissafa shi, in an bada milikuri 6 ka rubuta 1 toh kuɗin biyar sun bi ruwa, kuma ba wanda zai kira ka ya ce ka yi mantuwa.

Na huɗu modifaya, ƴar alamar da ake liƙa wa lamba ta nuna ɓangaren aikin da ake caja. Likitan da ya karanta hoto kaɗai 26, mai inji da ma'aikata TC, in duka na waje ɗaya ne ba a saka komai.

Sai dalilin hoton, lambar cuta ta ICD-10-CM. Ga majinyacin da ba a kwantar ba, ba a saka cutar da ake zargi kawai. Likita ya rubuta yana zargin ƙwayar cuta ta shiga ƙashi amma hoto bai tabbatar ba, kar ka taɓa lambar wannan cutar, M86, saka abinda ya kawo mutumin, misali zazzaɓin da aka rasa kansa, R50.9. In rahoton bai faɗi sashe nawa ko kwana nawa ba kar ka cika da ka, mayar wa likita ya ƙara bayani ya sa hannu sannan ka tura.