Yadda Matafiyi Zai Kula da Katin Ɗakinsa na Otal da Baƙin da Ke Neman Sa

'Yan kasuwar da ke zuwa sarin kaya Dubai ko Guangzhou ko Istanbul sun san cewa manyan otal-otal na can sun daina ba wa baƙo makulli na ƙarfe. Kati ake miƙa masa, kuma a wurare da yawa aikin katin bai tsaya a ƙofar ɗaki ba, domin lifta ma ba za ta hau zuwa inda ɗakunan kwana suke ba sai an ɗora shi a kan na'urar da ke gefen maɓallan. Wasu otal ɗin sun tsara abin yadda katinka ba zai kai ka ko'ina ba sai hawan da ɗakinka yake da wuraren taruwar jama'a kamar ɗakin cin abinci. An yi haka ne don kada wanda ya shigo daga titi ya isa ƙofar baƙo ba tare da ya bi ta gaban ma'aikata ba, sai dai galibi baƙin da aka yi tsarin dominsu su ne ke warware shi da hannunsu.

Kulawar tana farawa ne daga teburin karɓar baƙi. Ma'aikacin da ya san aikinsa zai rubuta lambar ɗakin ya nuna maka, ba zai faɗe ta da ƙarfi ba. Idan kuwa ya faɗa alhali akwai mutane tsaye a bayanka, kana da damar neman a canja maka ɗaki. Wannan ba tsirfa ba ce. A 2008 wani mutum ya gano ɗakin da 'yar jaridar wasanni ta Amurka Erin Andrews ta sauka a wani otal a Nashville, ya kama ɗaki kusa da nata, ya ɗauke ta bidiyo ta ramin leƙe na ƙofa, kuma a 2016 kotu ta yanke a biya ta diyyar dala miliyan 55, wadda aka ɗora wa masu otal ɗin biyan wani kaso nata. Bayan ka karɓi katin, ka zare shi daga 'yar takardar da aka sako shi a ciki, saboda a jikinta ake rubuta lambar ɗaki, kuma duk wanda ya tsince su tare ya samu makulli da adireshi a lokaci guda.

Idan kati ya ɓata, ka sauka nan take ka nemi a yi maka sabo tare da soke na farko, ka kuma bayyana cewa ba kwafi kake so ba. A makullai da yawa tsohon katin ba ya daina aiki sai an fara buɗe ƙofar da sabon, don haka ka wuce ɗakin kai tsaye ka buɗe da shi kafin ka fita harkokinka.

A cikin lifta kuma kunya ce ke kayar da mutane. Za ka shiga, wani mai tsaf-tsaf da shi ya biyo ka, ya jira ka ɗora katinka, sannan ya yi murmushi ya ce ya manta nasa a sama, ka taimaka ka danna masa hawa na tara. Mai yiwuwa gaskiya yake faɗa, amma tantance hakan aikin ma'aikata ne, kuma ba rashin mutunci ba ne ka ce masa ya yi haƙuri ya koma teburin karɓar baƙi, inda za a sake masa kati cikin ɗan lokaci. Ka lura da wanda ya shiga bai danna komai ba, ya tsaya yana jiran ya ga inda za ka sauka. Idan hankalinka bai kwanta da shi ba, ka koma ƙasa ko ka sauka a hawan cin abinci.

Kada kuma ka ɗauka makullin kati ba ya karyuwa. A 2012 wani masanin kwamfuta mai suna Cody Brocious ya nuna a Las Vegas yadda ake buɗe makullan kamfanin Onity da wata 'yar na'ura mai araha. A 2018 masu bincike na kamfanin F-Secure na ƙasar Finland suka nuna cewa daga tsohon kati ana iya haɗa makullin da zai buɗe dukkan ɗakunan otal mai amfani da tsarin Vision na VingCard, sannan a 2024 aka bayyana irin wannan rauni a makullan Saflok na kamfanin Dormakaba, wanda ya shafi ƙofofi kusan miliyan 3 a ƙasashe 131. Saboda haka ka mayar da katinka ranar tashi maimakon ka jefar da shi a kwandon shara, kuma duk lokacin da kake ciki ka sa sarƙa ko ƙarfen nan mai lanƙwasa da ke saman ƙofa, domin ba na'urar kati ce ke buɗe shi ba.

Mai tafiyar kasuwanci ba ya rasa masu neman sa, daga dillali zuwa tafinta zuwa wakilin masana'anta da ya kawo samfurin kaya. Duk waɗannan a zauren baƙi ko wurin shan shayi na otal ya kamata a gana da su, inda akwai kyamarori da idon jama'a. Idan lallai sai mutum ya hau ɗaki, ka sauko ka tare shi, a rubuta sunansa a karɓi shaidarsa kamar yadda otal-otal na Dubai suka saba nema, kuma kada ka taɓa ba shi katinka ya hau shi kaɗai, ko da ɗan garinku ne.

Akwai kuma baƙin da ake shigo da su a ɓoye, kuma a nan ne asarar ta fi muni. A wasu otal-otal na China akan turo ƙananan katuna ta ƙarƙashin ƙofa ɗauke da hoton mace da lambar waya, a wasu biranen kuma ta manhajojin haɗa soyayya ake farautar baƙo. Wanda ya amsa, ya sauka ya shigo da mace da katinsa don kada ma'aikata su rubuta sunanta, ya cire wa kansa duk kariyar da otal ya tanadar masa: babu shaidarta a rubuce, babu wanda ya san akwai mutum na biyu a ɗakin, ga fasfo da kuɗin sari da waya duk a kusa. Abin da kan biyo baya sananne ne, ko a zuba masa maganin sa barci a abin sha ya farka ɗaki wayam, ko wasu ƙarti su buga ƙofa suna neman kuɗi, ko a ɗauke shi hoto a riƙa yi masa barazanar aika wa iyalinsa. A Janairun 2024 ofishin jakadancin Amurka a Kolombiya ya yi gargaɗi bayan mutuwar Amurkawa 8 a birnin Medellin cikin wata biyu, inda aka alaƙanta da dama daga cikinsu da haɗuwa ta irin waɗannan manhajoji. Masu wannan sana'a sun san cewa karuwanci laifi ne a Daular Larabawa da China, kuma sun san magidancin da aka yi wa sata a irin wannan hali zai gwammace ya haɗiye asararsa da ya je gaban 'yan sanda ya yi bayani.

Idan aka ƙwanƙwasa ƙofa aka ce ma'aikacin otal ne alhali ba ka kira kowa ba, ka leƙa ta ramin ƙofa, sannan ka buga wa teburin karɓar baƙi ka tambaya ko su suka aiko shi kafin ka cire sarƙa. Haka nan idan wayar ɗaki ta yi ƙara da dare, wani ya ce daga ƙasa yake kira, katin bankinka bai yi aiki ba, ka karanto masa lambobin, ka ajiye wayar ka sauka da kanka. Tun ranar da ka sauka ka karanta taswirar mafita da ke manne a bayan ƙofa, ka taka ka ga inda matattakala take, tunda ba a shiga lifta idan gobara ta tashi, ka kuma adana lambar 'yan sandan ƙasar a wayarka: 999 a Dubai, 110 a China, 112 a Turkiyya.