Kurakuran masu wa'azi daga Ista zuwa Fentikos

Na gaji da jin samarinmu masu koyon wa'azi suna maimaita kurakurai iri ɗaya kowace bazara. Ran Lahadin Ista kowa ya shirya, mawaƙa sun yi anko, majami'a ta cika maƙil. Mako na zagayowa sai mai wa'azi ya koma zancen zakka da ginin da ba a gama ba, sai ka ce an rufe maganar tashin Almasihu sai baɗi. Ista kwana 50 ce, daga ranar tashi har Fentikos, ranar da Ruhu Mai Tsarki ya sauko wa almajirai. Ni tun cikin kwanakin azumin da ke gabanin Ista nake rubuta karatun kowace Lahadi a takarda ɗaya, in cusa ta cikin Littafi Mai Tsarki, don kada wata hidima ta kautar da ni.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne yadda ake yi wa Toma, almajirin da ya ce ba zai gaskata tashin Yesu ba sai ya ga raunukansa. A jadawalin karatu na shekara uku, A, B da C, wanda Katolika ke bi, wasu ikilisiyoyi ma suka ɗauka, Lahadi ta biyu ta Ista kullum Bisharar Yahaya 20:19-31 ake karantawa. Kowace shekara kuma sai an sami wanda zai hau mumbari ya ɗauki bulala: Toma mai shakka, Toma marar bangaskiya, kada ku zama kamar Toma! Ɗan'uwa, ka karanta nassin kuwa? Sauran almajiran da kake yabo suna kulle a ɗaki don tsoro. Su ma ba su yi murna ba sai da Yesu ya nuna musu hannuwansa da haƙarƙarinsa. Abin da suka gani shi Toma ya nema, sai dai ya ƙara da son ya taɓa raunukan. Shi ne fa a Yahaya 11:16 ya ce wa 'yan'uwansa su tashi su tafi su mutu tare da Ubangiji, lokacin da sauran ke jan ƙafa game da komawa Yahudiya. Daga bakinsa kuma aka ji shaida mafi girma a cikin wannan Bishara, da ya kira Yesu Ubangijinsa kuma Allahnsa.

Wannan kuskure ya taɓa raba ni da wata uwa a ikilisiyar da nake kula da ita. An kashe mijinta a wani rikici, ba a kuma sami gawar ba. Ta daɗe ba ta zuwa sujada, 'yan zumuntar mata suka yi ta lallashinta har ta zo, ta zauna can baya kusa da ƙofa, tana fifita da mafici saboda zafin kwano. Ran nan wani ɗalibi ne ya yi wa'azi, ya ce duk mai tambayar Allah "don me" ɗan gidan Toma ne, albarka ta yi nesa da shi. Ina kallonta ta ajiye maficin a cinya, ta sunkuyar da kai. Kafin a karɓi baiko ta fice. Na bi ta gida da yamma na ce, "Mama, ki yi haƙuri." Ta ce, "Baba Fasto, ai na ji matsayina." Ba ta ƙara taka ƙofarmu ba. Har yau in na tuna zuciyata na tafasa, domin a nassin Yesu ya dawo bayan mako guda saboda mutum ɗaya, ya fara da sallama, ya miƙa masa raunukansa. Shi ya kamata matar nan ta ji. Tun daga lokacin ba na barin ɗalibi ya hau mumbari da wannan karatu sai ya zauna gabana ya faɗa mini, da ayoyinsa, me Yesu ya yi wa Toma kafin ya ce masa ya ba da gaskiya.

Maryamu Magadaliya ma ta sha a bakinku. Ku daina ce mata karuwa. Luka 8:2 cewa ya yi an fitar mata da aljanu bakwai, shi ke nan. Haɗa ta da mace mai zunubi ta Luka 7 ya yaɗu ne bayan wani wa'azin Paparoma Gregory a shekarar 591. Ita ce fa aka fara aika da labarin tashin.

Sai Lahadi ta huɗu, ta Makiyayi Mai Kyau, Yahaya 10. Nan ne wasu ke sa rigar makiyayin su da kansu, wa'azi ya koma a yi wa fasto biyayya, a kula da gidan fasto. Haba! Yesu kansa yake nufi, alamar da ya bayar kuwa ita ce ba da rai domin tumaki. Mutanenmu sun san kiwo. Sun san yaron da ke kiran awakinsa da yamma su taho, baƙo ya kira su watse. Ka fara daga nan, ka bar kanka cikin garke tare da su.

Sauran ƙanana ne. Kifaye 153 na Yahaya 21 ba sa bukatar lissafin asiri, gara ka tsaya a kan wutar gawayi da tambayar da Yesu ya yi wa Bitrus sau uku. A labarin almajirai biyu da Yesu ya tarar a hanyar Imuwasu, kada ka yi tsalle zuwa gutsura gurasa, tafiyar wajen kilomita 11 ce, kuma Yesu ya saurari baƙin cikinsu tukuna. In ka karanta "tsoron Yahudawa" a Yahaya 20:19, ka tuna wa jama'a cewa Yesu da almajiran duka Yahudawa ne, shugabanni ake nufi. Karatun Lahadi ta biyar zuwa ta bakwai daga Yahaya 13 zuwa 17 ne, maganganun da Yesu ya yi a daren da aka bashe shi, don haka kada ka ce bayan tashi ya faɗe su. Hawansa sama kuwa kwana na 40 ne, ran Alhamis yake faɗowa, daidai lokacin da hankalin mutanen ƙauye ya koma gona. In ka san ba za su zo ba, ka ɗauko shi ran Lahadi mai zuwa, ka haɗa da Ayyukan Manzanni 1, don su san abin da almajiran ke jira a Urushalima kafin Fentikos.