Yadda ake zaɓar suwic, a ja masa waya, a haɗa shi ya zauna lafiya

Rautar da kamfanin intanet ke sa wa mutum a shago ko a makaranta, wato akwatin da ke shigo da intanet cikin gida, yawanci kafa huɗu gare ta a baya. Muddin kwamfuta biyu ce da firinta ɗaya, babu damuwa. Amma ran da makarantar Islamiyya a unguwar Aboabo cikin Kumasi ta buɗe ɗakin kwamfuta, ko mai shagon buga takardu a unguwar Adum ya ƙara injina da kyamarori, kafa huɗu ta yi kaɗan. Nan ne ake neman suwic, wato akwatin nan mai kafofi a jere, 5 ko 8 ko 16 ko 24 ko 48, wanda duk wayoyin gidan ke taruwa a jikinsa.

Kowace na'ura da ke shiga sadarwa tana da lambar da aka haife ta da ita, ana ce mata adireshin MAC, haruffa da lambobi 12. Da na'ura ta yi magana, sai suwic ya rubuta a ƙwaƙwalwarsa cewa wannan lamba tana kafa kaza. Daga nan duk saƙon da ya zo da sunanta, kafarta kaɗai zai miƙa wa. In bai san inda take ba tukuna, ya aika wa duk kafofi, wadda ta amsa ya riƙe. In na'ura ta yi shiru, yawancin suwic sukan goge sunanta bayan daƙiƙa 300. Aikinsa ke nan. Suwic na yau da kullum ba ya raba adireshin IP, wato lambar da ake ba na'ura in ta shiga sadarwa, wannan na rauta ne, kuma ba ya ƙara wa intanet gudu. In layinka na MTN ko Telecel megabit 50 ne, ko suwic na nawa ka saya, 50 ɗin nan za a raba.

Kirga kafin ka tafi kasuwa

A ɗauki makarantar nan misali: kwamfuta 14, firinta 1, kyamara 4, na'urar watsa wayfai 2, akwatin ajiye hotunan kyamara 1, sai wayar da za ta tafi rauta. Jimla 23. Mai gaggawa zai ce a sayi mai kafa 24 a huta. Kafa ɗaya ke nan ta rage, kuma kafin zangon karatu ya ƙare wani zai kawo kwamfutar ofishin shugaban makaranta. Abin da ya fi shi ne suwic biyu: mai kafa 24 na kwamfutoci, da ƙarami mai ba da wuta ta cikin waya don kyamarori da wayfai. Ka bar aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na kafofinka a buɗe.

Ka duba jikin kwali. In an rubuta 10/100 kawai, ajiye shi, ko da an yi maka ragi. Wanda aka rubuta 10/100/1000 shi ne mai gigabit, wato gudun megabit 1000, kuma bambancin kuɗinsu bai kai wahalar da tsohon zai ba ka ba in ana kwashe manyan fayiloli ko ana kallon kyamara.

Akwai suwic mara saiti, wanda daga sa masa wuta ya kama aiki, akwai kuma mai saiti da ake shiga cikinsa a ba shi umarni. Shago mai kwamfuta shida mara saiti ya ishe shi. Na gwanjo irin manyan Cisco da ake shigowa da su suna da ƙarfi, amma fankarsu na da ƙara, kuma sau da yawa saitin tsohon mai shi na nan a ciki, har da kalmar sirri. Kada ka biya sai an goge shi a gabanka, an sa waya a kowace kafa ka ga fitilarta ta kama. Ka kuma karanta bayansa: wutar Ghana bolt 230 ce, sai wanda aka rubuta 100 zuwa 240 a jikinsa.

Maganar wuta ta cikin waya, wadda ake kira PoE, ita ce inda aka fi yin asarar kuɗi. Ƙa'idar 802.3af ta shekarar 2003 tana ba kowace kafa wat 15.4. Ta 802.3at da ta zo a 2009 tana ba da wat 30, ta 802.3bt ta 2018 kuma tana kai wa 60 har 90. Sai dai abin da kafa ɗaya za ta iya bayarwa daban, abin da suwic ɗin gaba ɗaya ke da shi daban. A ce takardar kowace kyamara ta ce wat 8, huɗu sun ci 32. Na'urorin wayfai biyu a wat 13 kowace, 26. An tashi 58. Ƙara kashi ɗaya cikin biyar na ko-ta-kwana, ka kusa 70. Suwic mai jimlar wat 65 zai yi maka aiki lafiya da rana, da dare in fitilun ganin duhu na kyamarori sun kunna, sai ka ga ɗaya tana mutuwa tana tashi, a yi ta zagin kyamara alhali ba laifinta. Wani tarkon: wasu na'urorin Ubiquiti da MikroTik suna aiki da bolt 24 da ake tura musu kai tsaye ba tare da tambaya ba. Ba irin wannan ƙa'ida ba ce, kuma ɗan akwatin wutarsu na iya ƙona kafar na'urar da ba tasu ba.

Waya

Galibin abin da ake ɗora wa suwic, a waya yake. Kwali ɗaya mita 305 ne. Wayar da aka rubuta wa Cat5e tana ɗaukar gigabit, Cat6 ta fi ta, kuma ita ya kamata a binne a bango yanzu. Amma kafin lambar, ka tabbatar jan ƙarfe ce zalla. Akwai mai araha da ake kira CCA, alminiyom ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama. Fere silin ɗaya ka kankare da wuƙa: in fari ya bayyana a ciki, ita ce. Kwalinta ma ya fi sauƙin ɗauka. Tana karyewa a bakin kai, tana zafi in an tura mata wutar PoE, kuma a dogon zango wutar ba ta isa kyamara yadda ya kamata. Kuɗin da aka rage a kanta za a biya shi ninki a ranar sake jan waya.

Iyakar tsawo daga suwic zuwa na'ura mita 100 ne: 90 a bango, 10 na gajerun wayoyin bakin biyu. Ka auna hanyar da waya za ta bi da hawanta da saukarta da kwanarta, ba tazarar da ido ke gani ba. A sa ta cikin bututun roba, a nisanta ta da wayar lantarki kamar santimita 30, in dole su haɗu su gitta juna kamar alamar tarawa. Kada a lanƙwasa ta ta karye, kada a buga mata ƙusa ta matse ta, kada a ja ta da ƙarfi in ta maƙale a silin. Wadda za ta bi waje sai mai baƙar riga da aka yi don rana da ruwa.

Wajen sa kai, wato ɗan robar nan na bakin waya da ake kira RJ45, fere rigar kamar santimita 3, ka warware silolin takwas ka jera su. Riƙe kan da 'yar maƙallarsa tana kallon ƙasa, bakin zinariyar yana gaba, ka kirga daga hagu. Tsarin da aka fi bi shi ne T568B: fari mai ratsin ruwan lemo, ruwan lemo, fari mai ratsin kore, shuɗi, fari mai ratsin shuɗi, kore, fari mai ratsin ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Yanke su daidai wa daida, abin da aka warware kada ya wuce milimita 13, domin murɗin nan da ke jikinsu shi ke kare saƙo daga hayaniyar lantarki. Tura har kowane sili ya taɓa ƙarshe, rigar ma ta shiga cikin kan, sannan ka matse da filayar. Duka bakin biyu tsari ɗaya.

Wasu sukan ce ai ko wane launi ka jera, muddin baki biyu sun yi daidai, zai yi. A gajeriyar waya yakan yi kamar ya yi. Amma sili na 3 da na 6 dole su kasance 'yan murɗi ɗaya, shi ya sa kore ya tsallake shuɗi a jerin. In aka saɓa, ƙaramar testa, wato na'urar gwada waya, za ta nuna fitilu takwas lafiya lau, amma a mita 40 ko 50 saƙo ya riƙa zubewa. Ga kuma wata alama da ta cancanci a haddace: gudun megabit 100 sili huɗu kawai yake amfani da su, 1 da 2 da 3 da 6, gigabit kuwa sai duka takwas. Saboda haka in suwic da kwamfuta duk masu gigabit ne amma haɗin ya tsaya a 100, kusan kullum ɗaya daga cikin 4, 5, 7, 8 ne bai taɓa ba. Yanke kan, sa sabo.

Kowace waya a gwada ta da testa kafin a rufe silin, a rubuta mata lamba a baki biyu, a kuma rubuta a takarda cewa lamba 7 tebur kaza ne.

Mazauni da wuta

Babban suwic faɗin inci 19 gare shi, kaurinsa milimita 44 da ɗoriya, abin da ake kira 1U. Ƙaramin akwatin ƙarfe na bango mai 6U ko 9U ya ɗauke shi da allon haɗa wayoyi da rauta. A kafa shi sama da inda yara ke kaiwa, nesa da taga, ba a ƙarƙashin kwanon da ke yoyo ba. Yawancin ƙananan suwic iyakar zafin da aka yi su da shi digiri 40 ne, kuma rufaffen akwati a ɗakin kwano a watan Maris yana iya wuce haka. A bar gefen da iska ke fita a buɗe. In hunturu ya shigo daga Disamba, ƙura na toshe fanka, sai a kashe a hure ta.

Dumso, wato yawan ɗauke wuta, ba baƙo ba ne a Kumasi, kuma ba ɗaukewar wutar ce ta fi ɓarna ba, dawowarta ce. Suwic da rauta da akwatin kyamara su hau UPS, wato akwatin batirin da ke riƙe su in an ɗauke wuta. Ka sani UPS mai 650VA ba wat 650 ba ne, bai wuce 360 zuwa 390 ba, kuma batirinsa ɗaya mai bolt 12 da wuya ya riƙe nauyin wat 100 na rabin awa. Firinta mai amfani da garin tawada kada ta hau shi sam, fizgar wutarta na kayar da shi. A sa mai gyaran wuta ya gwada ko ramin sama na soket ɗin da gaske yana haɗe da ƙasa, domin akwai gidajen da hoto ne kawai. Sukurin da ke bayan suwic mai alamar ƙasa, a ɗaura masa waya mai kore da rawaya zuwa can.

In za a kai layi wani gini daban, misali daga azuzuwa zuwa ofishi a tsallaken fili, kada a rataya wayar jan ƙarfe a sama. Damina biyu ake yi a nan, kuma tsawa ba sai ta faɗo kan wayar ba, ta faɗi kusa ma ya isa ta ƙona kafofi a gini biyu. Wayar faiba ba ta ɗaukar lantarki, ita ce maganin wannan, kuma tana wuce mita 100 nesa ba kusa ba. Don ita aka yi 'yan ramukan SFP da ke gefen wasu suwic.

Haɗawa da gwaji

Kunna suwic shi kaɗai, ka jira ya gama tashi. Sa waya ɗaya daga kafar rauta da aka rubuta wa LAN zuwa gare shi, ɗaya tak. Sa kwamfuta ɗaya, ka ga fitila ta kama. Ma'anar launinta ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani, a jikin akwatin ake karantawa. A Windows buɗe baƙin allon umarni ka rubuta ipconfig. In adireshin ya fara da 192.168, rauta ta amsa. In ya fara da 169.254, kwamfutar ba ta samu mai ba ta adireshi ba, duba wayar da ta tafi rauta. Sai ka rubuta ping da adireshin rauta, umarnin da ke tura mata ɗan saƙo ya jira amsa. A waya amsa takan dawo cikin milisakan 1 ko ƙasa da haka, kuma bai kamata ko ɗaya ta ɓace ba. Daga nan ka riƙa ƙara sauran ɗaya bayan ɗaya.

Ranar da ka shigo ka tarar duk fitilu na ƙiftawa tare da sauri kamar an kunna su da gangan, kuma babu kwamfutar da ke aiki, zobe aka yi. Wani ya ga bakin waya a ƙasa ya mayar da shi cikin suwic ɗin da ta fito, ko an haɗa suwic biyu da waya biyu. Saƙon da ake aika wa kowa sai ya yi ta zagayawa yana ninkuwa har hanya ta cushe. Zare wayoyi ɗaya-ɗaya, wadda ka zare fitilu suka lafa, bi ta har ƙarshenta. Suwic mai saiti yana da kariya daga wannan, STP ko RSTP, a tabbatar a kunne take.

Tsohuwar rauta da aka mayar suwic ita ma tana rikita gida. In ba a kashe mata DHCP ba, wato aikin raba adireshi, masu raba adireshi sun zama biyu, wasu kwamfutoci su samu intanet wasu su rasa, gobe kuma su yi musaya. A kashe shi, a yi amfani da kafofin LAN kawai.

Wanda ya sayi mai saiti, farkon aikinsa canza kalmar sirrin da ya zo da ita, sannan ya ba shi tsayayyen adireshi a wajen waɗanda rauta ke rabawa: in rauta 192.168.1.1 ce tana rabawa daga 100 zuwa 200, ba shi 192.168.1.2. Da VLAN, wato kasa suwic ɗaya zuwa ɓangarori, ake raba kwamfutocin ɗalibai da na ofishi da kyamarori, kowa da lambarsa daga 1 zuwa 4094, sai dai rautar ma dole ta san VLAN kafin kowane ɓangare ya samu intanet. In ka gama, danna wajen adana saiti. A Cisco umarnin shi ne write memory. Da yawa daga cikinsu a ƙwaƙwalwar wucin gadi suke riƙe abin da ka canza, wuta na ɗaukewa ya koma yadda yake. Bayan ka adana, zare masa wuta da hannunka ka mayar, ka shiga ka duba ko saitin na nan kafin ka rufe akwatin.