Kafin ku zaɓi manhajar rumbun bayanai ga masu larurar gani

Jama'a, duk wanda zai zaɓi manhajar rumbun bayanai da masu larurar gani za su yi aiki da ita, ya fara gwada ta da kansa kafin ya biya kuɗi. Ku ajiye linzamin kwamfuta gefe, ku kunna manhajar karanta allo (wadda ke karanta abin da ke kan allo da murya), kamar NVDA, wadda kyauta ce a Windows, ko VoiceOver a na'urorin Apple, sannan ku shigar da bayani guda, ku nemo shi, ku gyara shi da madannai kaɗai.

A ganina, jadawali ne inda aka fi samun matsala. Idan kuka matsa zuwa wani gurbi, ya kamata manhajar karanta allo ta faɗi sunan ginshiƙin tare da abin da ke ciki, domin jin lamba ba tare da sanin ko farashi ce ko kwanan wata ba, ba shi da amfani. Haka kuma saƙon kuskure dole ne a ji shi, ba a nuna shi da jan launi kawai ba.

Ku nemi kamfanin da ya yi manhajar ya ba ku takardar VPAT, wato takardar da ke bayyana yadda manhajar ta cika ƙa'idojin sauƙin amfani ga masu larura, amma kada ta maye gurbin gwajin da mai amfani da manhajar zai yi.