Darasi na 9: Kafin a haƙa rijiya a gida

Duk wanda ya yi bazara a Damagaram ya san halin ruwa. Famfo ya ɗauke, kuɗin ƴan garuwa ya hau, yara suna yawo da jarka tun asuba. Shi ya sa maigida yakan ce gara ya haƙa rijiya a gidansa. Shawara ce mai kyau, amma kafin a kira mahaƙi, a fara sanin abin da ke ƙarƙashin gidan.

Birnin Damagaram a kan dutse yake zaune. Manyan duwatsun da muke gani a tsohon gari, wato Birni, da kewayensa kan dutsen ne kawai ya leƙo, sauran jikinsa yana shimfiɗe a ƙasa. Irin wannan dutse ba ya shan ruwa. Ruwan sama yakan tsaya ne a wuri biyu: cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke samansa, mai marmashewa a hannu, da kuma cikin tsagogin dutsen. In rijiya ta dace da tsaga, ta samu ido. In ta kuskure, ko da tazarar ƴan taku ce, sai a tarar da falalen dutsen da diga ba ta ci. Wannan ne ya sa maƙwabcinka zai samu ruwa, kai kuma katanga ɗaya ce tsakaninku ka rasa. Ba hannun kowa a ciki, haka ƙasar take.

Matsalar ba ta yau ba ce. Ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da suka sa Turawan Faransa suka ɗauke babban birnin Nijar daga nan zuwa Yamai a 1926. Ruwan famfon gari ma daga waje ake jawo shi, daga Gogo da Machaya, da Arunguza, da Ganaram.

A kudu, wajen Matamai da Magarya inda koramu suke, rairayi ne mai riƙe ruwa, kuma ruwan yana kusa. A arewa, ƙasar Damargu wajen Tanut, ruwan yana da nisa ƙwarai. Saboda haka mahaƙin da ya ƙware a rairayin Magarya ba lallai ne ya iya da dutsen cikin gari ba.

To, ina za a samu mahaƙi? Fara da maƙwabtan da suke da rijiya, da mai unguwa. Tambaye su wa ya haƙa, gaba nawa aka yi kafin a taɓa ruwa, kuma ko tana ƙafewa a bazara. Kowace gaba ta kusa mita 2. A ɗanɗana ruwan ma, don wani zartsi ne, ba ya shayuwa. Kada ka tsaya ga abin da mahaƙi ya faɗa da bakinsa. Ka ce masa: "Malam, kai ni in ga rijiya biyu da ka haƙa a wannan unguwa." Mai gaskiya ba zai ji haushi ba.

In rijiyar inji kake so, wadda ake kira foraj, je ofishin ma'aikatar ruwa na jiha ka tambayi ƙa'ida da zurfin ruwan yankinku. Akwai masu awo da na'ura mai tura wutar lantarki cikin ƙasa don neman tsaga. Awon yana rage asara, amma ba ya ba da tabbaci, kuma wanda ya yi maka rantsuwa cewa dole a samu ruwa, ka yi hattara da shi.

Nan ne karatun da muke koyo zai yi mana rana. A rubuta yarjejeniya gaban shaidu: kuɗin kowace gaba, wa zai sayi siminti da ƙarfe, nawa aka ba da kafin alƙalami. Abin da ya fi jawo rigima shi ne in an tarar da dutse, don haka a rubuta tun farko wa zai ɗauki asarar, kuma ko za a sake gwada wani wuri.

A haƙa a ƙarshen rani, Afrilu ko Mayu, lokacin da ruwa ya yi ƙasa sosai. Rijiyar da aka haƙa bayan damina tana ruɗin mutum, zafi na zuwa ta ƙafe. A nisanta ta da salga, mita 30 in fili ya bari, kuma kada ta kasance a gangaren salgar. A rairayi a sa zoben siminti don kada ta rufta. Kada a taɓa kunna inji mai shan fetur a cikin rami, hayaƙinsa yana kashe mutum ba tare da ya ankara ba. In an gama, a ɗaga bakin rijiyar, a yi mata murfi mai nauyi saboda yara.

Aiki: Mahaƙi ya ce jika 8 yake haƙa kowace gaba, ya haƙa gaba 12. Nawa ne kuɗinsa? Sannan kowa ya rubuta tambaya uku da zai yi wa maƙwabcinsa mai rijiya, ya kawo amsar a zama na gaba.