Mako biyar a gonar takin gargajiya a Gana: yadda za ka shirya in kana son zuwa

Shekara 11 ke nan ina sayar da tumatur da tattasai a kasuwar Mile 12 da ke Legas. Kullum da yamma ina kallon yadda ake jibge kwandunan ruɓaɓɓen kaya a bola, sannan in shiga cunkoson Ketu da Ojota in isa Agege bayana kamar an sa masa dutse. Mahaifina manomi ne a wani ƙauye kusa da Funtuwa, amma ni a Legas aka haife ni, har na kai shekara 34 ban taɓa tayar da kunya ɗaya da hannuna ba. Abin ya daɗe yana cin raina. Bara da damina na bar wa ƙanena rumfa na tafi wata ƙaramar gona a yankin Bolta na ƙasar Gana, na yi mako biyar ina aiki ana ciyar da ni. Tun da na dawo ake tare ni a ƙofar masallaci ana tambayata yadda ake yi, shi ya sa na zauna na rubuta.

Tsarin kansa ba sabo ba ne. A 1971 wata sakatariya a Landan mai suna Sue Coppard ta fara haɗa mutanen birni da gonakin da ba sa zuba takin zamani ko maganin feshi, su je su taya aiki a ƙarshen mako. Shi ne ya zama WWOOF, wanda yanzu ya bazu ƙasashe da yawa. Akwai kuma shafukan intanet na Workaway da HelpX masu irin wannan aiki. Ka'idar ɗaya ce: kana aiki kamar awa 4 zuwa 6 a rana, mai gona ya ba ka makwanci da abinci. Babu albashi. Za ka biya kuɗin rajista a shafin da ka zaɓa, kuɗin mota kuma daga aljihunka. Ina so wannan ya zauna a ranka da kyau, ɗan'uwa, domin samari da yawa da suka tare ni sun ɗauka wata hanyar japa ce, wato tserewa ƙasar waje neman kuɗi. Duk wanda ya ce ka turo masa kuɗi zai samo maka gona a Turai da biza da albashi, ɗan damfara ne.

Shawarata ta farko: ka fara da kusa. Ƙasashe da dama suna ɗaukar aiki a bakin abinci da makwanci a matsayin aiki, bizar yawon buɗe ido kuma ba ta halatta shi. A Ingila, misali, mai bizar ziyara kwana 30 kawai aka yarje masa aikin sa-kai, shi ma sai a ƙungiyar agaji mai rajista. Mu kuwa muna da yarjejeniyar Ecowas ta 1979 wadda ta ba ɗan Najeriya damar shiga Benin da Togo da Gana ba biza har kwana 90. Abin da kake buƙata shi ne fasfo mai sauran wa'adi da katin rigakafin shawara, wato yalo kad. Kada ka tashi ba wannan katin, ana tambayarsa a iyaka. In kana son ka ga irin wannan noma kafin ka ɗaura ɗamarar doguwar tafiya, cibiyar Songhai tana nan a Porto-Novo, ba nisa da iyakar Seme. Wani limamin coci ɗan Najeriya, Godfrey Nzamujo, ya kafa ta a 1985, kuma a can kashin dabbobi ke zama iskar girki da taki, ba abin da ake zubarwa.

Wasiƙar da za ka rubuta wa mai gona ita ce rabin tafiyar. Na ga wani saurayi da ya zo gonar da nake ya kwana uku ya koma, don bai tambayi komai ba kafin ya taso. Ni kuwa na rubuta wa gonaki shida, uku suka amsa, na zaɓi wadda matar gidan ta amsa mini kowace tambaya dalla-dalla. Na gaya mata ni Musulmi ne, ina salla sau biyar, biyu daga ciki za su iya faɗowa a lokacin aiki, kowace ba ta wuce minti goma. Na tambaya ko suna kiwon alade, in suna yi ko za a iya ɗauke mini wannan aikin. Na tambaya ko ana girki da giya, ko karnuka suna shiga ɗakin kwana, ko ɗakin nawa ne ni kaɗai ko da wa za a haɗa ni, domin a wasu gonakin maza da mata ɗaki ɗaya ake sa su. Na tambaya ko zan samu zuwa Juma'a. Kada kunya ta hana ka, kuma kada ka bari sai ka isa. Mai gonar kirki ba ya jin haushin tambaya. Wanda ya yi ta kewaye-kewaye ko ya ƙi cewa awa nawa ake aiki, ka rabu da shi. Ka karanta abin da waɗanda suka riga ka zuwa suka rubuta a kan gonar, sannan ka nemi a yi kiran bidiyo a zagaya da kai ka ga ɗakin da idonka. 'Yar'uwa mai son zuwa, ki nemi gonar da iyali ke zaune a cikinta, ki tafi da muharraminki ko ku haɗu ku biyu, ki kuma bar wa gida cikakken adireshi da lambar masu gonar.

Akwai tambaya ɗaya da ban yi ba, wadda da na yi da na huta: banɗaki. Irin waɗannan gonaki da yawa suna da busasshen masai, in ka gama sai ka zuba garin katako ka rufe, bayan watanni ya zama taki. Ruwa mai yawa yana ɓata shi ya sa wari. Mu kuma da buta muke tsarki. Da na ga haka a ranar farko na samu maigidan na yi masa bayani a fili. Washegari da ni da shi muka kafa ɗan shinge na zana a gefe, muka zuba tsakuwa, ya zama wurin tsarki da alwala. Ya ce zai bar shi don baƙi na gaba.

Hanya ba wuya. Akwai manyan motoci daga Legas zuwa Akara, ko ka bi guntu-guntu daga Mile 2 zuwa Seme, ka ratsa Kwatano da Lome ka shiga Gana ta Aflao. Iyaka uku ke nan a yini ɗaya, saboda haka ka tashi da asuba, ka riƙe 'yan sefa da sidi na canji. Togo da Gana suna bayanmu da awa ɗaya, ka gyara agogonka saboda salla. Kaya kaɗan: takalmin roba, riga mai dogon hannu, malafa, gidan sauro, tocila, buta, darduma, maganin zazzaɓin cizon sauro. Na tafi da kilishi da yajin ƙuli, su suka buɗe mini hira a daren farko.

Aiki muna farawa da bakwai, mu tashi da sha biyu kafin rana ta yi zafi. Ciyawa, dashen gwaza da agada, ɗibar ruwa, tura baro. Makon farko tafin hannuna ya yi bororo. Ka gaya wa masu gona abin da ba ka iya ba, su nuna maka, ya fi ka tsuge shukar mutane kana zaton ciyawa ce.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne tarin taki. Matar gidan ta ɗora ni a kansa tun mako na biyu. Kana shimfiɗa busassun abubuwa a ƙasa, kara da busasshen ganye, ka bi da ɗanyu, ɓawon kayan miya da ɗanyar ciyawa da kashin kaji, ka sake bi da busassu, hawa-hawa har ya kai ƙugu. Busassun su fi yawa. Ka yayyafa ruwa yadda in ka damƙa a hannu zai yi laima kamar tsumman da aka matse, ba ya ɗiga. Ta soka wani rodi a tsakiya ta ce in bar shi. A rana ta uku na zaro rodin, sai da na sake shi don zafi, tururi yana tashi daga ramin da sanyin safiya. Na tsaya ina kallo ina tuna bolar Mile 12. Duk mako ana juya tarin don iska ta shiga. In ya yi wari, ruwa ko ɗanyen abu ya yi yawa, sai a ƙara busasshe. In ya ƙi zafi, ya bushe ne ko kashin ya yi kaɗan. Bayan wata biyu zuwa uku sai ya zama baƙar ƙasa mai ƙamshin farkon damina. Maganin ƙwari kuwa darbejiya ce, a daka 'ya'yanta a jiƙa su kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma. Da na kira Baba na ba shi labari, cewa ya yi: «Kai yaro, ai abin da muka taso muka tarar ke nan. Ka je har Gana ka gano shi, to Allah Ya sa albarka.»

Sai maganar yoga, wato wani salon motsa jiki da numfashi, wadda ita aka fi yi mini tambaya a kai cikin raɗa. Gonaki irin waɗannan da yawa suna yin ta da sassafe. Asalinta daga Indiya ne, kuma tana da saiwa a addinin Hindu, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Majalisar fatawa ta Maleshiya ta hana Musulmin ƙasar yin ta a 2008 saboda abubuwan bauta da ke cikinta, malaman Indunusiya kuma a 2009 suka hana wadda ake haɗawa da addu'o'in Hindu, suka bar wadda motsa jiki ce zalla. Kafin in tafi na tambayi malaminmu, kai ma ka tambayi naka. Iyakar da na ja wa kaina ita ce: ba na furta kalmar "om" ko wata waƙa da ban san ma'anarta ba, ba na yin jerin motsin da suke kira gaisuwar rana, ba na sunkuya wa wani hoto ko gunki. Na faɗa wa mai koyarwa tun ranar farko, ta ce ba komai, in sun zo wurin sai in zauna a gefe ina numfashi.

Abin da na ɗauka miƙa ce da numfashi, kuma sun yi wa bayana amfani. Ka durƙusa a kan hannu da gwiwa, ka shaƙi iska ta hanci kana gantsarewa a hankali, ka fitar kana ɗaga tsakiyar baya sama, sau goma. Ka kwanta rigingine ka jawo gwiwoyi zuwa ƙirji. Ka jingina ƙafafu a bango ka yi minti biyar. Ana yi kafin a ci abinci, kuma inda ka ji zafi mai suka ka tsaya nan take. In ciwon bayanka mai tsanani ne, likita za ka fara gani. Ni bayan azkar ɗin safe nake yi, minti 15.

Zaman sauƙin da ake cewa ana yi a irin waɗannan gonaki, a aikace ga shi: wutar sola ta awa kaɗan, waya sai ka hau tudu, wanka da bokiti ɗaya, nama sau ɗaya a mako ko babu. Shirun dare ya dame ni da farko, wanda ya saba da janareto da odar mota zai gane. Kewar gida takan taso bayan magariba. Maganinta Juma'a: na hau babur zuwa garin da ke kusa na tambayi zango, ban yi taku goma ba na ji ana Hausa. Na sha koko da ƙosai, na ci waakye, shinkafa da waken Gana, wanda sunansa ma daga wakenmu ya fito, wani dattijo ya riƙe hannuna yana tambayata labarin Agege.

Yanzu akwai durom biyu a bayan gidanmu da na huda wa ramuka. Duk Asabar ina tahowa da rabin buhun ruɓaɓɓen tumatur daga kasuwa, in karɓi garin katako wurin kafintan layinmu, in haɗa. Takin farko ya nuna a watan Disamba, na cika buhunan siminti takwas na shuka alayyafo da yakuwa da zogale. Ɗiyata ƙarama ce ke ba su ruwa kafin ta tafi Islamiyya.