Yadda Ake Kula da Injin Jan Ankar Jirgin Ruwa

A kayan aikin jirgin ruwa kaf, da wuya a sami mai shan azaba kamar injin jan anka, wanda wasu ke kira winci. Zamansa a goshin jirgi ne, inda igiyar ruwa ke fara duka. Rana ta gasa shi, gishiri ya ci shi, sarƙa kuma ta kwaso masa laka da yashi daga ƙarƙashin teku. Duk da haka sai ka ga mai jirgi ya yi shekara uku bai kwance ko noti ɗaya ba, sai ranar da iska ta taso yana neman ɗaga anka ya tsere, ya taka makunni, ya ji tsit. Aikin kuwa bai fi na yini guda ba, sau ɗaya ko biyu a shekara.

Tanadi sifana, sukuddireba, buroshin waya, tsumma, kananzir, giris mai jure ruwa, man giya, da mitar gwada wuta. In kana da littafin da ya zo da injin, buɗe shafin da aka zana sassansa, domin jerin kayan injin kamfanin Lewmar ba lallai ya zo ɗaya da na kamfanin Lofrans ko Maxwell ba.

Kafin ka kai hannu, katse wutar injin daga makatsinta. Kada ka ce ai ba wanda zai taɓa makunni. Gwiwarka ma ta isa ta danna shi, kuma na'urar da ke ɗaga sarƙa mai nauyin buhuna ba ta san yatsa ba. Ɗaure ankar da igiya, sauke sarƙar daga kan wilinta, sannan ka toshe ramin da take bi zuwa ma'ajiyarta da tsumma. Ƙananan kaya ba su da wurin faɗawa da ya fi wannan ramin.

Yanzu kwance na sama. Sa hannun injin a notin kuloci ka juya hagu har ya fita. Ƙarƙashinsa akwai mazugin kuloci na sama, sai wilin sarƙa, sai mazugi na ƙasa. A yawancin injuna sai ka cire ɗan ƙarfen da ke ɓamɓare sarƙa daga wili kafin wilin ya fito. Duk abin da ka zare, ɗauki hotonsa da waya, ka jera shi cikin bokiti yadda ya fito. In wani abu ya ƙi motsi, zuba masa man kwance tsatsa, ka ba shi lokaci, ka riƙa ɗan bubbuga shi da katako. Gudumar ƙarfe kam a bar ta a akwati, don sassan na tagulla ne yawanci, suna lotsewa.

Wanke komai da kananzir, goge ya bushe, sannan ka shafa giris kaɗan a jikin sandar tsakiya, da zaren notin, da fuskokin mazugin. A nan ne mutane da yawa ke ja da baya, wai giris a kuloci zai sa ya zame. A motar hawa haka ne. Amma wannan kulocin matsewar mazugi ce ke riƙe shi, kuma in ya bushe sai ya manne: ka saki noti sarƙa ta ƙi sauka, can kuma ta ɓalle gaba ɗaya da gudu. Shafi ɗaya siriri ya wadatar. Wanda ba a kusantarsa da maiko shi ne birki mai ɗamara da ke kan wasu manyan injuna.

Duba aljihunan wilin, wato guraben da zoben sarƙa ke zama. In bakinsu ya cinye ya yi sulɓi, sarƙa za ta riƙa tsalle. Amma kafin ka ɗora wa wili laifi, tabbatar sarƙar tasa ce. Sarƙa mai kaurin milimita 10 iri biyu ce a kasuwa: ta ma'aunin DIN 766 tsawon cikin zobenta milimita 28 ne, ta ISO kuwa 30. A ido kamar ɗaya suke, a kan wili kuwa ba sa shiga gurbin juna.

Babban aikin yana ƙasa, inda ba a son leƙawa. Motar lantarkin da ke juya injin da akwatin giyarsa galibi a ma'ajiyar sarƙa suke, wuri mai danshi dare da rana. Shiga da tocila. Tsatsar jikin mota a kankare ta, a yi mata fenti. In ka ga farin gari kamar toka a gindin kusoshi, alminiyon ne ke ruɓewa saboda haɗuwarsa da ƙarfen da ba ya tsatsa cikin ruwan gishiri. Kwance kusoshin ɗaya bayan ɗaya, ka tsabtace, ka shafa musu man hana ruɓewa irin Tef-Gel ko Duralac kafin ka mayar. Gwada notocin da suka riƙe injin da daɓen jirgi. In suna kwance, ruwa na bi ta nan.

Man giya kuwa launinsa zai gaya maka labari. In akwai ɗan gilashin dubawa, mai ya tsaya kusan rabinsa. In ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga, ma'ana robar da ke toshe bakin sandar ta mutu, kuma canza mai kaɗai ba zai yi magani ba sai an canza ta. Da yawa man SAE 90 suke sha, wasu kuma a rufe aka ƙera su ba a ƙara musu komai, don haka bi abin da littafinka ya ce.

Sai wayoyi. Mota mai wat 1000 a kan bolt 12 tana jan sama da amfiya 80, saboda haka ɗan kore-koren da ka raina a kan waya ya isa ya rage mata ƙarfi. Kwance kowane kai, ka goge shi har ya yi ƙyalli, ka ɗaure, ka rufe da basilin. Wajen kwance na jikin mota riƙe notin ƙasa da sifana ta biyu, in ba haka ba kusar da notin ke kai za ta juya ta tsinke haɗin da ke ciki. Robar makunnin ƙafa in ta tsage a canza ta, domin ruwa na iya haɗa wutar, injin ya tashi shi kaɗai.

Sarƙar ma a zazzage ta duka a ƙasa, a wanke, a nemi zoben da ya sirance. In gefen anka ya fi cinyewa, juya ta, kai ya koma gindi. Ƙarshenta na ciki da igiya ake ɗaure shi, mai tsawon da zai fito sarari, don in ta ɓaci a yanke da wuƙa.

Mayar da kaya yadda suka fito, ta da injin jirgi, kunna wuta, ka gwada sama da ƙasa. Auna wuta a batir, ka auna a jikin mota yayin da take jan nauyi. In bambancin ya wuce kashi 10 cikin 100, akwai sauran aiki a wayoyi. In ka ji ƙas-ƙas daga akwatin solonai, wato na'urar da ke sakar wa mota wuta in an taka makunni, amma mota ba ta juya ba, zargi batir da kawunan waya tukuna, sannan solonai ɗin, sannan gawayin cikin mota.

Duk wannan gyaran banza ne in za ka riƙa jan jirgi da winci. Nauyin sarƙa da anka aka ƙera shi ya ɗaga. Tura jirgin a hankali da injinsa zuwa kan ankar, winci yana tattara sarƙar da ta saki. In anka ta kafe, ɗaure sarƙa a maɗaurin goshi, jirgi ya tumɓuke ta. Haka in kun yada zango, igiyar nailan ce za ta ɗauki fizgar ruwa, ba haƙoran giya ba. Bayan kowace fita a watsa masa ruwan daɗi, in kuma jirgi zai daɗe a ɗaure, a riƙa juya shi na 'yan daƙiƙoƙi duk bayan mako biyu ko uku don mai ya zagaya.